Kirak ɗin da ka tura wa ɗan'uwa zai iya kai ka kotu

A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar da aka yi tun 1988. Har yau labarinta bai shiga kunnen yawancin yaranmu masu gyaran waya ba, ko a Garrison ta Fatakwal inda nake neman abinci, ko a Emeka Offor Plaza ta Anacha, ko a kewayen kasuwar Ogbete ta Inugu. Alhali sashe na 50 na dokar kamar da su ake magana.

Sashen ya hana abu biyu. Na farko, ka karya kariyar da mai fim, ko waƙa, ko littafi, ko manhaja ya sa wa kayansa don kada a kwafa ko a shiga ba izini. Na biyu, wanda ya fi damuna, ka ƙera, ko ka shigo da, ko ka sayar, ko ka samar wa jama'a abin da aka yi shi musamman don karya wannan kariya. Kalmomin dokar ba su tsaya kan ciniki kaɗai ba. Mai kaya na iya maka ka a kotu ya nemi diyya, wanda kuma ya mai da abin sana'a yana fuskantar tara ko ɗauri.

To, mene ne wannan abin a bakinmu? Shi ne kirak. Shi ne manhajar fulashin da aka cire mata buƙatar dongul, da Windows da Photoshop da ba a biya ba, da manhajar kallon ƙwallo da ke buɗe tashoshin kuɗi kyauta, da dabarar sauke fim daga manhajar da ta hana saukewa. Kuma a wurinmu raba shi zumunci ne. Yaro ya zo daga Funtuwa ko Gumel, bai da jari, maigidansa ya zuba masa kayan aiki a filas ya ce je ka nemi na kanka. Wani ya samo sabon kirak, kafin la'asar ya tura wa na Anacha, na Anacha ya tura wa na Inugu. Ba wanda ya ɗauki kansa ɓarawo. Taimakon ɗan'uwa yake yi a baƙon gari, kuma na san daɗin wannan taimako.

Amma doka ba niyya kaɗai take dubawa ba. Wanda ya buɗe ƙofa ɗaya da mabuɗin bogi ɓarnarsa ɗaya ce. Wanda ya yanka mabuɗin ya raba wa unguwa, kowace ƙofar da aka buɗe da hannunsa a ciki. Shi ya sa a ko'ina kamfanoni suka fi farautar mai rabawa.

Dokarmu sabuwa ce, don haka ya kamata mu duba yadda irinta ta yi aiki a inda ta daɗe. Amurka ta yi tata a 1998. Shekara guda bayan haka aka saki wata ƙaramar manhaja mai suna DeCSS da ke buɗe kariyar faifan DVD, kuma cikin waɗanda suka haɗa ta akwai wani yaro ɗan ƙasar Norway, Jon Johansen, mai shekara 15. An gurfanar da shi a ƙasarsu, sai a 2003 kotu ta wanke shi, har sau biyu. Amma a birnin New York kamfanonin fim sun kai mujallar 2600 ƙara, kuma a shekarar 2000 alƙali ya hana ta wallafa manhajar, ya ma hana ta nuna wa masu karatu inda za su same ta. A lura da wannan da kyau: mujallar ba ita ta rubuta manhajar ba, ba ta kwafi fim ko ɗaya ba. Yaɗawa da nuni ne laifinta, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2001.

A wannan shekarar ce kuma aka kama Dmitry Sklyarov, ɗan Rasha, a Las Vegas, bayan ya gabatar da lacca kan raunin kariyar littattafan Adobe. Aikin da aka kama shi a kansa a ƙasarsa ya yi shi, duk da haka ya kwana a kurkuku, ya yi watanni bai koma gida ba, kafin a wanke kamfanin da yake wa aiki a Disambar 2002. Na kusa-kusa kuwa, a 2022 an yanke wa wani mai suna Gary Bowser ɗaurin wata 40 saboda tallata na'urorin buɗe wasannin Nintendo, ga miliyoyin daloli da aka ɗora masa. Ko waɗanda suka yi nasara a cikinsu sai da shari'a ta ci musu shekaru. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Wani zai ce wannan duk zancen Turawa ne, wa zai zo Diobu ko Oyigbo neman mai kirak? Ina amsa masa da cewa Anacha ba baƙuwar wannan rigima ba ce. Duk wanda ya kalli tallan finafinan kudu a shekarun baya ya san sunan titin Iweka na Anacha, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa ta sha kai samame kasuwannin garin kan littattafai da faya-fayan bogi. Da can sai an kama mutum da kwali-kwali na kaya. Yanzu shaidar tana cikin aljihunsa: saƙon da ya tura, da lambar wayarsa da aka haɗa da lambar shaidar ɗan ƙasa, da kuɗin da aka turo masa asusu. Ga kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda ita ma ta hana rarraba kayan aiki da lambobin sirri na kutse.

Sannan mu baƙi ne, kuma wannan shi ne abin da ke hana ni barci. Idan aka kama ɗan gari, kafin dare danginsa sun cika caji ofis, lauya ya zo, mai tsaya masa beli yana da gida a garin. Idan aka kama namu, sai a buga wa Sarkin Hausawa waya, a bi rumfa-rumfa ana karo-karo, a nemi wanda zai tsaya masa a rasa. An tafi da kwamfutarsa, wadda ita ce dukan jarinsa, da wayoyin mutane da ke hannunsa. Ko an sake shi, amanar da ya gina ta rushe. Kuma a garuruwan da ƙaramin zargi kan mutum ɗaya yake iya zama zargi kan al'umma gaba ɗaya, bai kamata mu miƙa wa kowa hujja da hannunmu ba.

Kada mu manta wanda ake cuta sau da yawa namu ne. Masu tura fim a unguwannin Hausawa na kudu finafinan Kano suka fi turawa. Satar fasaha na cikin abin da ya kashe kasuwar faifai, har masu shirya fim suka koma YouTube da manhajoji irin su Northflix. Wanda ya koya wa abokai yadda za a zare fim daga manhajar biya, abincin mai ɗaukar hoto da mai haɗa sauti a Kano ya taɓa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta ce haƙƙin ƙirƙira da na wallafa dukiya ce da Shari'a ta kare, bai halatta a keta ta ba.

Duk da haka ba zan ce dokar ba ta da abin tsoro ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ana sayar mana da lasisin manhaja da dala, muna samun kuɗi da naira. Ana kulle waya yadda mai ita da ya manta lambar sirrinsa sai ya jefar da ita. Gyara ba sata ba ne, kuma ilimi ba laifi ba ne. Yaron da ke kwance manhaja don ya gane yadda take aiki shi ne injiniyan gobe, kuma ba na son tsoron kotu ya rufe masa baki. Dokar ta bar 'yan ƙofofi ga masu bincike da makarantu da ɗakunan karatu, amma mai gyaran waya a bakin titi ba ya da lauyan da zai faɗa masa ko yana ciki ko yana waje. Ko a Amurka, ofishin haƙƙin mallaka yana zama duk bayan shekara uku ya fitar da abubuwan da aka yafe, kuma gyaran waya ya shiga ciki. Mu ma muna da haƙƙin neman irin wannan a rubuce.

A rumfata ga abin da nake gaya wa yara. Ku tattauna yadda kariya take aiki, ku yi tambaya, ku koya. Amma kada ku tura wa kowa kirak, kada ku tallata shi, kada ku karɓi kuɗi a kansa. Wayar da aka kawo a cire mata makulli, a nemi rasit ko kwali, a rubuta sunan mai ita. Wanda ya ce a sauya lambar IMEI, a ba shi haƙuri ya yi gaba. Inda LibreOffice ko GIMP ko Linux za su yi aikin, a yi da su, kyauta ne kuma halal ne a raba. Dongul na asali kuwa, mutum huɗu ko biyar na iya yin adashi su saya.

Sauran aikin na shugabanni ne. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka tana da ofisoshi a Fatakwal da Anacha da Inugu. Ina roƙon sarakunan Hausawa na waɗannan garuruwa da shugabannin ƙungiyoyin masu gyaran waya su gayyato jami'anta, a zauna bayan sallar Juma'a, a karanta sashe na 50 da Hausa, a kuma tambaye su ƙarara wane gyara ne ya halatta, a karɓi amsar a takarda.