Turancin Aji Da Turancin Kasuwa: Abin Lura A Fagge Da Sabon Gari

A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi na Tarayya, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke tsarin nan na 2022 wanda ya ce a koyar da yara da harshen gida har su gama firamare, aka mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga ajin farko. Masana na ta muhawara a kan wannan mataki. To, amma akwai tambayar da sanarwa ba ta amsa ba, watau daga ina yaron da iyayensa ba su jin Turanci zai samo kalmomin da zai fahimci malaminsa da su?

Wanda ke son amsa sai ya ratsa daga Fagge zuwa Sabon Gari. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma kafa Sabon Gari don baƙi 'yan Kudu, unguwannin nan biyu suke cuɗanya ta hanyar ciniki. Inyamurai da Yarbawa da yawa sun iya Hausa a bakin rumfa ba tare da allo ko ƙamus ba, don kuwa wanda bai san "nawa" da "albarka" ba, ba zai sayar da kome ba. Haka nan yaron shago a Kantin Kwari yakan riƙe sunayen yadi da lissafin kuɗi da Turanci cikin 'yan watanni, alhali ƙanensa ya shekara shida a aji bai iya tambayar hanya ba. Kalmar da aka ci abinci da ita ba ta ɓacewa.

Ba wai kalmomin ne suka yi yawa ba. Tun a 1953 wani malami Bature, Michael West, ya tsara jerin kalmomi kimanin 2,000 waɗanda su ne ginshiƙin magana da karatu na yau da kullum. Daɗin daɗawa, Bahaushe ba da hannu wofi yake farawa ba. Tebur, bokiti, burodi, direba, makaniki, birki, asibiti, kotu, duk Turanci ne da ya sa rigar Hausa. Malamin da ya fara daga nan, ya nuna wa ɗalibi asalin kalmar da yadda ake rubuta ta, ya rage masa rabin tafiya. Abin takaici, malamai da dama sun fi son sa yara haddar manyan kalmomi da ma'anarsu, a rera da safe, a manta kafin azahar.

Sai dai fa kasuwa ma tana da nata tarkon. Abin da aka fi ji a Sabon Gari buroka ne, wanda ke biyan bukatar ciniki amma ba ya cin jarrabawar WAEC, kuma ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci. Har wa yau kalmar aro takan sauya ma'ana a hanya. "Kanti" a Hausa shago ne, amma kalmar da aka aro ta daga gare ta ɗakin cin abinci take nufi a Ingila. Ɗalibin da ba a faɗakar ba zai rubuta ta da gaba gaɗi, ya faɗi.

Kano ba baƙuwar wannan aiki ba ce. Hukumar Ilmin Manya da gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa a 1980 ta nuna cewa 'yan kasuwa da masu sana'a sukan zo aji da yamma muddin darasin ya shafi abin da suke yi. Ya kamata jami'an Ma'aikatar Ilmi su tsara ƙananan littattafai masu araha a kan kalmomin kasuwa, asibiti, tasha da ofis, a kai su makarantun Fagge kafin a fara tuhumar yara da rashin ƙoƙari.