Cikar Kumatun Baba Ba Murmurewa Ba Ce

Ku 'ya'ya, ku matan gida, ku masu jinyar dattijon da kansar mafitsara ta maza, wato furostet, ta bazu har cikin ƙashinsa, ku buɗe ledar magungunansa yau ɗin nan. Ku nemo wata 'yar ƙwaya mai suna prednisolone ko dexamethasone. Tana cikin mafi araha a ledar, ita kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Ba a banza likita ya rubuta ta ba. Maganin abiraterone, mai toshe sinadarin mazantakar da kansar ke rayuwa a kansa, yana rage sinadarin kotisol da jiki ke haɗawa. Shi ya sa ake haɗa shi da prednisolone miligiram 5, sau ɗaya ko biyu a rana, don kada jini ya hau, ƙafafu su kumbura. Irin waɗannan ƙwayoyi kan sassauta ciwon ƙashi, su buɗe ciki. Sai dai in suka yi watanni a jiki, suna barin tabonsu.

Kumatu su cika, 'yan dubiya su ce, "Masha Allah, Baba ya murmure." Ku dubi cinyoyinsa! Naman can ne ke zubewa, har ta kai sai ya dafa bango kafin ya miƙe daga sujada. Ƙishirwa ta dame shi, ya kwana yana zaryar bayan gida, kowa ya ɗora laifin a kan mafitsara, alhali sukari ne ya hau. Ƙashin da allurar rage mazantaka da ake yi masa don kansar ta riga ta raunana ya ƙara rauni, santsi ɗaya a makewayi ya isa karya ƙugu. Ƙwayar kan danne zazzaɓi, cuta ta yi nisa jiki bai yi zafi ba, tsohon tarin fuka ma yana iya farfaɗowa. Wanda kuma ya tsallaka kemis ya sayo masa maganin ciwo diclofenac ya haɗa da ƙwayar don tausayi, gyambon ciki ya sayo.

Duk da haka, kada wani ya kuskura ya tsayar da wannan ƙwaya ta prednisolone ko dexamethasone rana ɗaya, ko don kuɗi sun ƙare, ko don wani ya kawo sassaƙe ya ce a bar na asibiti. Bayan kamar makonni 3 ana sha, halittun da ke saman ƙoda sukan daina haɗa nasu kotisol. In aka yanke kwatsam, sai amai, jiri, jini ya faɗi, mutum ya sume, a kan rasa rai ta haka. Likita ne ke ragewa sannu a hankali.

Ku tashi tsaye! Duk zuwa asibiti ku nemi a gwada sukari da hawan jini, ku tambayi abin da zai kare ƙashinsa. Ku rubuta sunan ƙwayar da adadinta a takarda, ku sa masa a aljihu. Ranar da amai ya hana ta zama a cikinsa, ko bayan gidansa ya yi baƙi, ku kai shi asibiti a ranar, kada ku jira gari ya waye.