Rubu'i da Sumuni a Rumbun Giyar Sifaniya

Giya haramun ce, wannan ba abin jayayya ba ne a wurinmu. Amma tarihin kalma ba ya sa maye, kuma akwai abin lura a bakin masu ɗanɗanon giyar inabi na ƙasar Sifaniya.

Sunan abin shan, vino, daga Latinanci ya fito, haka ma catar, wato ɗanɗanawa. Da an zo ga awo kuwa, sai Larabci ya leƙo. Tsohon ma'auninsu arroba, mai cin kusan lita 16 a yankin Kastila, shi ne ar-rub'u. Kashi ɗaya cikin takwas nasa sunansa azumbre, daga as-sumun. Duk wanda ya zauna gaban malami a babin gado ya san su: rubu'i da sumuni, rabon matar mamaci, gwargwadon ko ya bar 'ya'ya ko bai bari ba. Kalmomin da muke raba gado da su, can da su aka auna barasa! Alcohol ma al-kuhl ne, kwallin da iyayenmu mata suke sawa a ido. Da farko garin kwalli yake nufi, daga baya masu haɗa magunguna suka ɗora sunan a kan ruwan da aka tace ta hanyar tururi. Taza, ƙaramin kofinsu, 'yar uwar tasarmu ce. Garin Jerez, da ya yi suna da giya, Sharish Larabawa suke kiransa.

Wasu daga cikinmu kan yi alfahari da irin wannan, su ce ga shaidar girman Andalus. Mu dai ba mu ga abin tafi ba. Garnaɗa ta faɗi a 1492, aka haramta Larabci a 1567, aka fara korar jikokin Musulmi a 1609. Kalmomi suka zauna, masu su suka watse.

To, mu ma nan Gana muna jin daɗi idan muka ji waakye da tuo zaafi da koose a bakin maƙwabta, mu ce Hausa ta ci gari. Kasuwa takan riƙe sunan abin da take saye ne kawai. Abin dubawa yana cikin gidajenmu na zango, a Nima da Sabon Zango da Kumasi, inda yaro zai sayo waken da sunansa na Hausa, ya dawo gida kakarsa ta tambaye shi da Hausa, ya amsa mata da Turanci ko Tuwi.