In Jijiyar Jini Ta Yanke

Zancenmu na wannan mako a kan jijiyar jini ne, in wuƙa ko harsashi ko karyayyen ƙashi ya yanke ta.

Cikin shekarar 1894 wani ya soki Shugaban Faransa, Sadi Carnot, a birnin Liyon. Wuƙar ta huda babbar jijiyar hanta, likitoci suna tsaye jini ya ƙare, ya rasu, don a zamanin nan ba a ƙware da ɗinkin jijiya ba. A garin akwai wani saurayi mai koyon aikin likita, Alexis Carrel. Cikin 1902 ya bayyana dabarar haɗa bakin jijiya biyu da siririyar allura da zare, har aka ba shi kyautar Nobel a 1912.

Duk da haka, har Yaƙin Duniya na Biyu galibi ɗaure jijiyar a ke yi, kusan rabin waɗanda aka yi wa haka sai da aka yanke musu hannu ko ƙafa. Da aka koma ɗinki a yaƙin Koriya, 1950 zuwa 1953, sai abin ya sauko wajen 13 cikin 100.

To, yaya a ke gane ta yanke? In jini na tsartuwa yana bin bugun zuciya, ko kumburi na ƙaruwa yana harbawa, ko ƙasa da raunin ya yi sanyi, ba a jin bugun jini, to, sai tiyata nan da nan. In likita na shakka, ya saurara da na'ura, ko ya ɗauki hoton jijiyoyin. In ɓarnar kaɗan ce ya ɗinke. In da yawa ce, ya ciro wata jijiya daga cinyar mutumin ya yi ƙari da ita.

Ga inda gizo ke saƙar: naman da ya yi kamar awa 6 ba jini, mutuwa ya ke yi. Saboda haka, malamai da akawuna, ku gaya wa na ƙauye. A danne raunin da tsumma mai tsabta, a danne da ƙarfi. In jini ya ƙi tsayawa a hannu ko ƙafa, a ɗaure tamau daga sama da raunin, a rubuta lokacin. Kada a zuba ƙasa ko toka, kada a kwana wurin mai ɗori, a nufi asibiti. Rigakafi ya fi magani, amma in ta auku, sauri shi ne magani.

Allah ya kiyashe mu, amin.