Abin da ke da mai saye ba ya kwana a bola

Kullum ana cewa mu ƴan Damagaram ba mu san ware shara ba, sai an zo an waye mana kai. Mu kam ba mu yarda ba. Ku leƙa gidajenmu daga ƙofar fadar Sarki har Zango. Gorar roba ba ta zuwa bola, mai zoɓo da mai lemun tsamiya na jiran ta. Gwangwanin lemu, maƙera ke narka shi su zuba tukunya. Tsohon ƙarfe, yara sun kai wa mai kilo. Dusa da ƙanzo na awaki ne, toka da kashin dabbobi kuma amalanke ke kai su gona. To, in wannan ba ware shara ba ne, mene ne?

Abin da ya gagare mu ɗaya ne: leda. Baƙar ledar da muke kwasowa daga kasuwar Dole, da ledar ruwan sha. Dalili? Ba mai saye. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Tun 2014 Nijar ke da dokar hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita, amma har gobe ko tumatir na dala goma ka saya, a ciki za a ƙulla maka. Ruwanda ta hana a 2008, ta tsaya kan maganarta. A Jamus kuwa, kuɗin ajiya ake ɗora wa gorar roba, kusan dala 33 a kuɗinmu. Ka mai da gora, a mai da maka kuɗinka. Can ma aljihu ne ke tunatar da mutum.

Mu fa garinmu na ginin ƙasa ne. Leda ta toshe kaniwo, ruwa ya kwanta gindin katanga, sauran labarin kun san shi. Ruwan sama ya rushe tsohon masallacinmu a Satumban 2024, ya isa ya nuna mana ƙarfin damina. Ku tambayi mahauta kuma abin da suke tararwa cikin tumbin akuya.

Shawararmu ga meri da masu unguwanni: a buɗe wurin sayen leda da kilo a kowane kartiye, tunda ana narka ta da yashi a buga pabe na shimfiɗa wa hanya. A tsai da ranar kwasa, a riƙa cika alkawari, don matar da ta ware shararta ta ga an haɗe ta wuri ɗaya an zubar, wallahi ba za ta sake ba. A ba samarin da ke zaman fada aikin tarawa, a biya su.

Mu ma da namu: mu riƙa zuwa cefane da kwando ko jaka, mu ajiye buhu ɗaya a zaure na leda kaɗai. Allah ya kai mu damina lafiya.