Raɓar da Ta Shekara Ɗari Ta Zama Kogi

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, wato da rana ta ɗaga ya bushe. To ina son masu kiran mutanen Zango baƙi su gaya mini wace irin raɓa ce ke shekara ɗari da arba'in a wuri guda ba ta bushe ba.

A yammacin Amurka akwai jihar Yuta. A 1846 mabiya ɗariƙar Momon suka bar garin Nauvoo bayan an kashe shugabansu Joseph Smith, suka nausa yamma da kekunan shanu, daga baya wasu da amalanken hannu. Ranar 24 ga Yulin 1847 Brigham Young ya isa kwarin Salt Lake. Har yau ranar hutu ce a jihar, ana tuna su a matsayin waɗanda suka kafa gari. Alhali ƙasar da suka sauka tana da masu ita, jajayen Indiyawa na ƙabilun Ute da Shoshone, waɗanda aka yi ta turewa har suka rasa mafi yawanta.

Yanzu dubi namu. Fatake sun daɗe suna bin hanyar Gwanja daga Kano da Katsina zuwa Salaga neman goro. A ƙarni na 19 Malam Idrisu Naino, mutumin Katsina, ya sauka a Akra, wadda iyayenmu ke kira Ankara, ya nemi fili wurin Ankarawa, aka ba shi, aka kafa zangon da ake kira Zongo Lane a yau. Ɗansa Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. A 1931 Malam Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu, ya samu filin Nima daga gidan Odoi Kwao na Osu. Daji ne a bayan gari. Su suka sare shi, suka kafa bukkoki da masallaci da makarantar allo, suka sauki duk wanda ya zo: Bahaushe, Bazabarme, Kotokoli, Mosi, Dagomba, Bawangare. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wurin ya cika da leburori da tsofaffin sojoji.

Ga abin takaici. Waɗanda suka ture masu ƙasa an yi musu ranar hutu. Waɗanda suka yi sallama, suka nemi izini, suka zauna lafiya da masu masaukinsu, jikokinsu ne ake yi wa tambayar ainihi. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya fice, aka kwashi mutane a manyan motoci, ciki har da waɗanda aka binne cibiyarsu a nan. Har gobe yaron Maamobi mai suna Musa ko Fusaini kan sha tambayoyi wurin neman fasfo, irin waɗanda ba a yi wa Kwame. Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, Babban Limamin Gana, a Akra aka haife shi a 1919, shekara 38 kafin ƙasar ta samu 'yanci. Shi ma baƙo ne?

Za a ce ai a 2017 an kafa ma'aikata da asusu musamman don raya Zango. Madalla da kwalta da fitila. Amma kwalta ba ta goge kalmar baƙo daga bakin mutum, kuma ɗan siyasar da ke tuna Nima a shekarar zaɓe kaɗai bai ɗauke mu 'yan gida ba.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. 'Yan Momon sun rubuta tafiyarsu rana-rana, sun adana sunan wanda ya ja amalanke da wanda ya mutu a hanya. Mu fa? Kakanninmu ba jahilai ba ne. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano, ya rubuta tarihi da waƙoƙi da Larabci da Ajami kafin rasuwarsa a 1934. Amma tsayar da samari goma a bakin kasuwar Nima ka tambaye su wane ne Malam Futa, ka ji amsa. Takardun Ajami na nan cikin adaka gara na ci. Tsofaffin da suka ga Nima tana daji suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wasunmu ma da sun samu abin hannu sai su koma Ist Legon, su riƙa ɓoye unguwarsu ta asali.

Magani na hannunmu. Kowane gida ya zaunar da dattijonsa, a ɗauki muryarsa da waya: daga ina kakanmu ya taso, ta wace hanya, wa ya sauke shi, wa ya ba shi fili. Sarakunan Zango da limamai su tsayar da rana guda a shekara ta tunawa da waɗanda suka kafa unguwannin nan. Makarantun Islamiyya su koyar da sunayensu. Wanda bai rubuta yadda ya zo ba, wani zai rubuta masa, kuma da sunan baƙo zai sa shi.