"An gwada a kan ɓera" ba ya nufin an samu maganin kansa

Kun san irin bidiyon nan da ke yawo a TikTok da WhatsApp: mutum ya ɗaga kwalba, ya ce saiwa ce daga dajin Falgore, tana narkar da ciwon daji, wai har masana sun gwada a kan ɓeraye. Mu matasan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, mu ne ke kunna wa iyayenmu shi, su kuma su yarda tunda daga wayar ɗan boko ya fito.

Gwajin ɓera ba ƙarya ba ne, amma mu san matsayinsa. Ƙarin kansa ba ya iya wuce milimita 1 zuwa 2, kamar ƙwayar gero, sai ya jawo sababbin jijiyoyin jini su ciyar da shi. A 1971 wani likita a Amurka, Judah Folkman, ya kawo shawarar a toshe wa ƙarin wannan hanya, yunwa ta kashe shi. Don a gani da ido, masu bincike kan dasa ƙwayoyin kansa a jikin ɓera, ko kan tantanin da ke cikin ƙwan kaza mai ɗan tsako, su zuba magani, sannan su ƙirga jijiyoyin da suka tsiro.

A 1998 jaridar New York Times ta buga a shafinta na farko yadda magungunan ɗakin binciken Folkman suka shanye ƙari a jikin ɓeraye. Duniya ta ɗauka. Da aka zo kan mutane, sakamakon bai kai ko kusa ba. Ko Avastin, da Amurka ta amince da shi a 2004 don kansar hanji, a 2011 ta janye izinin ba da shi ga kansar mama. Ku duba fa, waɗannan masu biliyoyin daloli ne.

Ni ban raina itatuwanmu ba, wataƙila akwai alheri a Falgore. Sai dai tsakanin ɓera da mutum akwai shekaru na gwaji, kuma kansa ba ta jira. Matar da ta ji kullutu a mama, ta shafe wata shida tana shan jiƙo a Doguwa, ƙarin na can yana shimfiɗa jijiyoyinsa. Kafin ka danna turawa, tambayi mai kwalbar: a kan mutum nawa aka gwada, a wane asibiti? In ya fara kame-kame, kuɗin kwalbar nan a yi na mota da shi zuwa Asibitin Malam Aminu Kano.